Turancin Aikin Jarida da Sadarwa: Tambayoyi da Amsoshi

Mutumin da ya iya Turancin makaranta yakan buɗe jarida ya tarar da kalmomin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, amma da suka haɗu a jimla sai ma'anar ta kuɓuce masa. Dalili kuwa shi ne aikin jarida yana da nasa salon Turanci, kuma yawancin kalmominsa an zaɓe su ne domin su nuna iyakar abin da marubuci ya tabbatar da kuma wanda zai ɗauki alhakin maganar idan ta zama ƙarya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi damun masu karatu da masu fassara da ɗaliban aikin jarida.

Mene ne bambancin *media* da *press* da *journalism*?

Kalmar *media* jam'i ce, tilonta shi ne *medium*, kuma daga Latin ta fito, inda take nufin abin da ke tsakani. Jarida kafa ce guda, rediyo ma kafa ce guda, kowacce *medium* ce, idan aka haɗa su duka sai a ce *the media*. Saboda asalinta jam'i ne, masu tsananta bin ƙa'ida suna rubuta *the media are*, amma a yau *the media is* ya zama ruwan dare, kuma manyan ƙamusoshi sun karɓi duka biyun.

*Press* kuwa sunan injin buga littafi ne, irin wanda Johannes Gutenberg ya ƙera a birnin Mainz na Jamus wajen shekarar 1450, wanda yake danna takarda a kan haruffan ƙarfe da aka shafa wa tawada. Daga injin sunan ya koma kan jaridu, daga jaridu ya koma kan 'yan jarida baki ɗaya, har da na rediyo da talabijin. Shi ya sa ake kiran taron manema labarai *press conference*, takardar sanarwar da hukuma ko kamfani ke raba wa 'yan jarida *press release*, 'yancin aikin jarida kuma *freedom of the press*. *Journalism* ita ce sana'ar kanta.

Me ya sa ba a cewa *a news* ko *informations*?

Saboda a Turanci waɗannan sunaye ne da ba a ƙirga su. A Hausa muna da labari da labarai, da bayani da bayanai, don haka hankalin Bahaushe yakan nemi tilo da jam'i a Turanci ma, alhali babu su. Duk da harafin *s* da ke ƙarshenta, *news* tana ɗaukar aikatau na tilo, wato *the news is bad* ake cewa. Idan labari guda ake nufi sai a ce *a story* ko *a news item* ko *a piece of news*. Haka ƙa'idar take ga *information* da *advice* da *evidence* da *feedback*, da kuma kalmomi biyu na aikin jarida, *coverage*, wato yawan kulawar da kafofi suka bai wa wani lamari, da *footage*, wato hoton bidiyo da aka ɗauka. Rubuta *footages* ko *evidences* na daga cikin kurakuran da edita ke fara gani a rubutun sabon ma'aikaci.

Me ya sa kanun labarai suke da wuyar fahimta?

Kanun labarai suna da nasu nahawu, kuma ƙarancin fili a shafin jarida ne ya haife shi. Abu na farko, ana amfani da lokaci na yanzu domin faɗin abin da ya riga ya wuce. *Minister quits* yana nufin ministan ya riga ya yi murabus. Idan aka rubuta *Minister to quit*, to bai yi ba tukuna, zai yi ne, domin *to* da aikatau a kanun labari lokaci mai zuwa suke nunawa. Abu na biyu, ana zubar da ƙananan kalmomi irin su *a* da *the* da *is* da *was*. A nan ne mai karatu ya fi yin tuntuɓe, domin *Police chief arrested* ba ya nufin shugaban 'yan sanda ya kama wani, shi aka kama. Da shi ya yi kamun, da an rubuta *Police chief arrests*. Ƙarshen kalmar kaɗai ya raba mai kamu da wanda aka kama, kuma mai fassara da ke cikin sauri yana iya juya labarin gaba ɗaya.

Abu na uku shi ne gajerun kalmomi da ba kasafai ake jin su a hira ba, amma suna cike da shafukan jaridu saboda haruffansu kaɗan ne. *Probe* bincike ne, *bid* yunƙuri, *vow* shan alwashi, *slam* caccaka, *axe* kora daga aiki ko soke wani shiri, *hike* ƙarin farashi, *curb* taƙaitawa, *back* goyon baya, *mull* nazari kafin yanke shawara, *held* tsarewa, *quiz* kuma tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi. *Toll* adadin waɗanda suka mutu ne. *Row* a kanun labarai cacar baki ce, kuma ana furta ta "rau", saɓanin *row* mai nufin layi wadda ake furtawa "ro". Jaridun Amurka sukan sa waƙafi a madadin *and*, sannan ruwa biyu bayan suna yana nufin mai sunan ne ya faɗi abin da ya biyo baya.

Akwai kuma jera sunaye uku ko huɗu ba tare da aikatau ba, kamar *fuel price hike protest*. Dabarar warware irin wannan ita ce a karanta daga ƙarshe zuwa farko, kuma abin sha'awa shi ne tsarin da ke fitowa ya yi daidai da na Hausa: zanga-zanga kan ƙarin farashin mai. Kalmar ƙarshe ita ce ainihin abin da ake magana a kai, sauran duka bayaninta suke yi.

Shin *said* da *claimed* da *alleged* ma'anarsu ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce, kuma a ganina babu wani sashe na Turancin jarida da ya kai wannan muhimmanci. *Said* ba ta ɗaukar ɓangare, tana nuna cewa mutum ya faɗi magana ne kawai, shi ya sa kamfanonin dillancin labarai suke maimaita ta sau da yawa a labari guda ba tare da sun damu da neman wata kalmar ado ba. *Claimed* tana daidai da "ya yi iƙirari", kuma tana ɗauke da shakku, kamar marubucin yana gaya wa mai karatu cewa shi bai ga hujja ba. *Alleged* zargi ne da ba a tabbatar ba, musamman na aikata laifi. *Reportedly* kuwa tana yin aikin da "wai" ko "rahotanni sun ce" ke yi a Hausa, wato wasu ne suka ruwaito, jaridar ba ta tantance da kanta ba.

A ɗaya gefen akwai kalmomin da ke nuna cewa marubuci ya amince maganar gaskiya ce. Idan aka rubuta *revealed* ko *disclosed*, an nuna abin ya tabbata kuma da ma a ɓoye yake. *Pointed out* da *noted* su ma haka, domin ba a jawo hankali sai ga abin da yake akwai. *Admitted* tana nuna mutum ya amsa abin da ba ya so ya amsa, don haka sa ta a bakin wanda bai yi laifi ba zalunci ne a fakaice. Ɗalibai da yawa an koya musu a makaranta cewa maimaita kalma aibi ne, sai su riƙa musanya *said* da waɗannan kalmomi don ƙawata rubutu, ba tare da sun lura cewa kowace musanya hukunci ce suka yanke a kan mai maganar ba.

Ya kamata a san kuma cewa sa *alleged* a jimla ba ya wanke marubuci daga shari'a kai tsaye. A dokar Ingila, wanda ya maimaita maganar ɓata suna ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya wallafa ta, ko da ya ce daga wani ya ji.

Ina bambancin *deny* da *refute*, da kuma *arrested* da *charged* da *convicted*?

*Deny* musantawa ce, mutum ya ce bai yi ba. *Refute* a asalin ma'anarta ita ce rushe zargi da hujja. Mutane da yawa suna amfani da ita a madadin *deny*, amma editoci masu lura suna guje wa hakan, domin cewa wani *refuted* zargi tamkar jaridar ta yanke hukunci ne cewa ya yi gaskiya.

Kalmomin shari'a kuwa matakai ne da ke bin juna. *Arrested* kamu ne. *Charged* tuhuma ce a hukumance. *Remanded* na nufin kotu ta ɗage shari'a ta kuma ba da umarnin a tsare mutum ko a ba da belinsa har zuwa zama na gaba. *Convicted* an same shi da laifi, *sentenced* an yanke masa hukunci, *acquitted* kuma an wanke shi. Kafin kotu ta yanke hukunci mutum *suspect* ne ko *the accused* ko *defendant*. Haka nan *killed* tana faɗin cewa an kashe, ba tare da ta ce ko laifi ne ba, amma *murdered* kisan kai ne da gangan. Wata kalmar da ake yawan yi wa gurguwar fassara ita ce *casualties*, wadda ta haɗa waɗanda suka mutu da waɗanda suka ji rauni, don haka fassara ta da "mamata" yana kumbura adadin.

Me ake nufi da *off the record* da *on background*?

Waɗannan sharuɗɗa ne tsakanin ɗan jarida da majiyarsa, wato *source*. *On the record* na nufin a buga maganar tare da sunan mai ita. *Off the record* na nufin ba a yarda a buga ba. *On background* tana tsakiya: ana iya buga bayanin amma ba a ambaci suna ba, sai dai a siffanta mutumin, misali *a senior official*, wato wani babban jami'i. Kafofi sun ɗan bambanta wajen fassara waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa ake daidaitawa a kansu kafin a fara magana. *Embargo* a aikin jarida lokaci ne da aka ƙayyade wanda ba a yarda a fitar da labari kafin ya cika ba.

A ƙarshen labari akan ga ɗaya daga cikin jimloli uku da suka yi kama amma suka bambanta. *Declined to comment* an same shi ya ƙi magana. *Did not respond* an aika masa saƙo bai ba da amsa ba. *Could not be reached* ba a same shi ba sam.

Yaya zan gane labari daga ra'ayi a jaridar Turanci?

Da sunan da aka sa wa rubutun. *News report* rahoto ne na abin da ya faru. *Feature* dogon rubutu ne da ke zurfafa a kan wani batu ko wani mutum. *Analysis* sharhi ne da ke bayyana dalilai da abin da ka iya biyo baya. *Editorial*, wanda jaridun Birtaniya ke kira *leader*, ra'ayin jaridar ne a matsayinta na kamfani, kuma galibi ba a sa masa sunan marubuci. *Column* fili ne da wani marubuci ke da shi a kai a kai. *Op-ed* ra'ayin wani ne daga waje, kuma sunan ya fito ne daga matsayinsa a takarda, wato shafin da ke fuskantar shafin *editorial*. Jaridar New York Times ta buɗe irin wannan shafi a 1970, sannan a 2021 ta sauya masa suna zuwa *Guest Essays*, domin a intanet babu shafin da ke fuskantar wani. *Advertorial* da *sponsored content* talla ne da aka rubuta da siffar labari.

Sauran sassan shafi su ne *byline*, layin da ke ɗauke da sunan marubuci, *dateline*, inda ake nuna garin da aka aiko da labarin, *caption*, bayanin da ke ƙarƙashin hoto, da *lead*, sakin layi na farko da ke ɗauke da jigon labari.

Su wane ne *reporter* da *correspondent* da *stringer*?

*Reporter* mai neman labari ne. *Correspondent* wakili ne da aka ajiye a wani wuri ko aka ba shi wani fanni, kamar lafiya ko tsaro. *Stringer* ba cikakken ma'aikaci ba ne, ana biyansa ne bisa abin da ya aiko. Wanda ke gyara rubutu da sa masa kanu ana kiransa *sub-editor* a Birtaniya, *copy editor* a Amurka. *News agency* ko *wire service* kamfanin dillancin labarai ne da ke sayar wa sauran kafofi rahotanni, irin su Associated Press da aka kafa a 1846 da Reuters da aka kafa a Landan a 1851. Kalmar *wire* ta samo asali ne daga wayar tangarahu da ake aika labarai ta cikinta a wancan zamani.

Mene ne *tabloid* da *broadsheet*?

A zahiri girman takarda suke nufi: *broadsheet* babba ce, *tabloid* kuma kusan rabinta. Kalmar *tabloid* ta fara ne a matsayin sunan kasuwanci da kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome ya yi wa rajista a 1884 domin ƙwayoyin magani da aka matse, daga baya aka ari sunan aka sa wa jaridun da ke dunƙule labari a taƙaice. A yau kalmomin sun fi nuna hali fiye da girma, inda *tabloid* ke nufin jaridar da ta fi son abin kunya da rayuwar fitattun mutane, *broadsheet* kuma mai nauyi. The Times ta Landan ta koma ƙaramar takarda a 2004, The Guardian kuma a 2018, amma babu wanda ke lissafa su cikin jaridun tsegumi.

Waɗanne kalmomi ne suka fi yawa a rediyo da talabijin?

*Broadcast* ita ce uwa. Asalinta kalmar manoma ce, watsa iri da hannu a gona, aka are ta wa rediyo a farkon shekarun 1920, kuma ba ta canza siffa a shuɗaɗɗen lokaci, *was broadcast* ake cewa. *Live* kai tsaye ne, ana furta ta "laib", ba kamar aikatau mai nufin rayuwa ba. *On air* ana cikin watsa shiri. *Bulletin* taƙaitattun labarai ne. *Breaking news* labari ne da ɗumi-ɗuminsa, *developing story* kuma gargaɗi ne cewa bayanai na iya sauyawa. *Exclusive* ko *scoop* labari ne da kafa guda ta riga kowa samu. *Soundbite* ɗan guntun magana ne da aka yanko daga hira, *vox pop* kuma jin ra'ayin jama'a a kan titi. Yawan masu kallo ko sauraro shi ne *ratings*, yawan kwafin jarida da ake rarrabawa kuma *circulation*.

Akwai bambanci tsakanin *misinformation* da *disinformation* da *fake news*?

Niyya ce ta raba na farko da na biyu. *Misinformation* bayani ne marar gaskiya da mutum ya yaɗa yana zaton gaskiya ne, kamar wanda ya tura tsohon hoto yana ganin na yau ne. *Disinformation* ƙarya ce da aka shirya da gangan domin yaudara. *Fake news*, wadda ƙamus ɗin Collins ya zaɓa a matsayin kalmar shekarar 2017, ta rasa kaifinta saboda 'yan siyasa sun mayar da ita abin jifan duk rahoton da bai yi musu daɗi ba, don haka masu bincike da yawa sun fi son kalmomin biyu na farko. *Deepfake* bidiyo ne ko murya da aka ƙirƙira da kwamfuta domin a nuna mutum yana faɗin abin da bai faɗa ba. A fannin ɓata suna, wato *defamation*, *libel* shi ne wanda aka rubuta ko aka wallafa, *slander* kuma na baki.

Daga ina kalmomin intanet suka fito, kuma yaya ake amfani da su?

Yawancinsu sababbi ne. *Weblog*, wato shafin intanet da mutum ke rubutu a kai a kai, ta bayyana a 1997, aka gajarta ta zuwa *blog* a 1999. *Podcast*, wato shirin murya da ake sauraro ta intanet, ta fito a 2004 daga haɗin iPod, sunan wata na'urar sauraron waƙa, da *broadcast*. Amfani da alamar # a matsayin *hashtag* ya fara ne a Twitter a 2007, bisa shawarar Chris Messina. *Meme*, wato hoto ko zancen barkwanci da mutane ke ta yaɗawa, ta girme su, domin masanin halittu Richard Dawkins ne ya ƙirƙire ta a 1976, tun kafin kafofin sada zumunta. *Algorithm* kuwa, wato jerin matakan da kwamfuta ke bi wajen aiki, daga sunan masanin lissafi Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ta samo asali, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Abin da ya fi asali amfani shi ne sanin abokan tafiyar kowace kalma. Ana cewa *go viral* ga abin da ya bazu kamar wutar daji, *post on* wani dandali, *reply to* saƙo, *subscribe to* tasha, *log in to* shafi. *Upload* ɗorawa ce, *download* saukewa, *stream* kallo ko sauraro ba tare da an sauke ba. *Clickbait* kanu ne da aka zuzuta domin a ja mutum ya latsa, *troll* mai tsokana da gangan, *paywall* kuma shingen da ke hana karanta labari sai an biya.

Yaya ake raba *say* da *tell* da *speak* da *talk*?

*Tell* tana buƙatar wanda aka gaya wa, kamar *she told reporters*. *Say* ba ta ɗaukar mutum kai tsaye, don haka *she said me* kuskure ne, sai dai *she said to me*. *Speak* ta fi dacewa da jawabi da kuma iya harshe, *talk* kuma hira. Jam'inta *talks* a labarai tattaunawa ce a hukumance, kamar *peace talks*. *Discuss* ba ta ɗaukar *about*, haka *contact* idan aikatau ce ba ta ɗaukar *to* ko *with*. A saƙon imel, *cc* na nufin *carbon copy*, sunan da aka gada daga zamanin tafireta da takardar kabon, *bcc* kuma kwafi ne da sauran masu karɓa ba sa ganin wanda aka aika wa.

Turancin Birtaniya zan bi ko na Amurka?

Kowanne ya yi, muddin ba a cakuɗa su a rubutu guda ba. Birtaniya na rubuta *programme* ga shirin rediyo ko talabijin, Amurka *program*. Birtaniya na cewa *presenter* ko *newsreader* da *advert* da *mobile phone*, Amurka kuma *anchor* da *commercial* da *cell phone*. Inda bambancin ke iya jawo ɓarna shi ne kwanan wata, domin 3/4 a Birtaniya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuma 4 ga Maris.

Wace hanya ce ta fi sauƙi wajen koyon waɗannan kalmomi?

Haddace jerin kalmomi da fassararsu ba ya kai mutum nesa, domin kalmar jarida ba ta tafiya ita kaɗai. Gara a rubuta *issue a statement* da *hold a press conference* da *break a story* da *run an article* da *file a report* a matsayin dunƙule guda fiye da a rubuta *statement* ko *story* kaɗai. Hanya mai amfani ita ce a ɗauki labari guda a karanta shi a kafofi biyu ko uku a rana ɗaya, a ja layi ƙarƙashin kowane aikatau da aka jingina magana da shi, sannan a duba inda wata kafa ta ce *said* wata ta ce *claimed*. Daga nan sai a ɗauki kanun labarai biyar a mayar da su cikakkun jimloli, a dawo da *the* da *was* da aka zubar, a kuma gyara lokacin aikatau. Domin furuci, ƙamusoshin masu koyo na Oxford da Cambridge da Longman suna nan a intanet tare da muryar Birtaniya da ta Amurka ga kowace kalma, kuma suna nuna ko suna yana ƙirguwa ko ba ya ƙirguwa da alamar C ko U a gefensa.